Kaskon Turare a Ɗaki na Sha Huɗu

Lafaya shida. Atamfa uku ɗinkakku. Takalmi ƙafa biyu. Alƙur'ani da darduma. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa. Takardun makaranta a cikin leda. Turaren wuta kwalba huɗu, humra kwalba biyu. Kaskon turare guda, na yumɓu, a naɗe cikin tsohon zane.

Abin da soja ya zazzage ke nan a gefen titi, a shingen ƙarshe na fita Maiduguri ta hanyar Damaturu. An sauke fasinjojin motar duka, sun taka da ƙafa hannuwa a sama. Hanifa ce kaɗai aka tsayar saboda girman akwatinta. Sojan ya buɗe kwalba ɗaya ya kai hanci.

"Amarya ce?"

"Ɗaliba ce," in ji Kawu Ba'ana, ƙanen mahaifiyarta, dillali a Kasuwar Shanu, wanda zai raka ta Abuja. "Wata gidauniya ce ta ɗauki nauyinta. Aikin likita za ta karanto."

"A ina?"

Kawu ya faɗi sunan tsibirin, ya maimaita. Sojan bai taɓa jin sa ba.

"A tsakiyar teku yake," in ji Kawu.

"To, kifaye za su sha ƙamshi. Ku kwashe."

Hanifa ta durƙusa tana mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, sauran fasinjoji suna jira a rana. Ba ita ta shirya akwatin ba. Mahaifiyarta ce, Ya Zainaba, Ya kawai suke ce mata a gida, wadda duk unguwar Maisandari an san ta da haɗa turare, har daga Khaddamari ake zuwa yi wa amare sayayya a wurinta. Ba ta rako ta tasha ba. A tsakar gida ta sallame ta da magana ɗaya: 'yar Barno ƙamshinta ke riga ta yin sallama. Sannan ta mayar da ƙofar gida, Hanifa tana ji daga waje ana zura sakatun ƙofar guda uku.

Shekarar da aka yanke layukan waya a jihar ke nan. Wanda ya fita garin ya fita, sai dai saƙon baka.

Jirgin sama uku, jirgin ruwa ɗaya. Ruwan da Hanifa ta sani a duniya shi ne kogin Ngadda in ya kawo, sai madatsar Alau da suka taɓa zuwa da 'yan makaranta. Wannan kuwa ba a ganin ɗaya gaɓarsa. Ta yi amai sau biyu a leda. Wata mata mai gajeren wando ta miƙo mata lemon tsami ba tare da ta dube ta ba.

Tsibirin dutse ne guda da ya sha koren kaya tun daga ƙafa har ka. Babu inda ido zai miƙe ya huta. A Maiduguri in ka tsaya bakin gari kana hango mai keke tun yana kamar ƙuda. A nan kowane titi kwana ce, bayan kowace kwana ayaba ce da kwakwa. A yi ruwa da safe, rana ta buɗe, a sake ruwa kafin la'asar. Kaguwa na tsallaka kwalta kamar gonar ubanta. Mutanen baƙaƙe ne irin na gida, wannan ya fi komai rikita ta, don in sun buɗe baki Turanci ne, amma Turancin da aka tauna aka haɗiye rabinsa. A taron sababbin ɗalibai an yi awa biyu ana karanta dokoki. Ta gane barka da zuwa, ta gane lokutan cin abinci. Sauran ta riƙa gyaɗa kai in ta ga an gyaɗa. Aka ba ta takarda ta sa hannu, ta sa.

Ɗakinta shi ne na sha huɗu, a bene na biyu na hostal ɗin mata. Gado, tebur, kujera, durowar kaya, taga mai kallon teku, da wani farin abu kamar murfin kwano manne a silin, yana ƙyafta jan ido. Ta ɗauka na korar sauro ne. Abin da ta fara dubawa ƙofa ce. Katako ne mara nauyi, makulli ɗaya, babu sakata. Tun daga ranar, in ta shiga sai ta murɗa makulli ta kuma tokare mariƙin da bayan kujera.

Mai gadin hostal ɗin wani dattijo ne, Alfred, mai farin gashi da faffaɗar kafaɗa irin ta masunta. Duk ɗalibar da ta zo sai ya laƙaba mata suna. Ita ya sa mata Mis Najeriya.

A sati na biyu, a ɗakin cin abinci, ta ɗebo miya a cokali ta zuba ta koma, ta ce da kanta a hankali, "Wannan miya ce ko ruwan wanke kwano?"

"Ruwan wanke kwano ne," aka ce da Hausa daga bayanta. "Miyar sai ranar Lahadi."

Rebeka ke nan, 'yar Biu, tana shekara ta biyu a karatun nas. Ta ja kujera ta zauna ba a gayyace ta ba. Ita ta koya wa Hanifa tsibirin. In kin shiga bas ki gaida kowa da kowa, in ba haka ba har ki sauka ana hararar ki. Waken ranar Talata da naman alade ake dafa shi. Kifi a bakin ruwa ake saye, wurin matan, ba a kanti ba. Malami in ya ce a kira shi da sunansa, ki kira shi, ba rashin kunya ba ne. Hanifa ta riƙe duka, ta fara jin ƙafarta ta taka ƙasa.

A sati na biyar ta buɗe durowa ta tarar takalminta na fita ya tsiro gashi, kore-kore. Funfuna ce. Ta bi lafayoyin ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi ɗigo-ɗigon baƙi a wajen ninki. Ta wanke ta shanya. A gida kafin ki gama matse na ƙarshe na farko ya bushe. A nan kwana uku suka yi a igiya, ta kwaso su da danshi, warin ya ninka. Ranar Alhamis a ɗakin gwaje-gwaje yarinyar da suke tebur ɗaya ta ɗan ja kujerarta gefe, can kuma ta tashi ta buɗe taga.

"Ƙawata, kada ki ji haushi," in ji Rebeka da yamma. "Kina warin tsohuwar rijiya."

Hanifa ta kai gefen lafayarta hanci.

"Kowa ya yi shi a zangon farko. Ni har Littafi Mai Tsarki nawa sai da ya yi gemu. Ki sayi irin abin fesawar nan na kanti, shi ke nan."

Abin fesawar kanti, a jikin 'yar Ya Zainaba. Hanifa ta ce to.

Ranar Asabar bayan azahar ta kwance kaskon daga tsohon zanen. A bakin ƙofar makaranta akwai wata mai gasa masara. Hanifa ta miƙa mata kaskon ta nuna murhu, yadda ake roƙon wuta a maƙwabta. Matar ta yi dariya, ta ɗebo garwashi uku ta zuba mata. Ta kare kaskon da gefen lafaya ta nufo hostal.

"Mis Najeriya, me aka ɓoye mana?" in ji Alfred daga kan bencinsa.

"Ba komai, Baba."

Ta kulle, ta tokare da kujera. Ta rufe taga ta toshe ƙasan ƙofa da tawul, don hayaƙin da ya tsere asara ne. A gida akwai kwandon da ake kifawa a kan kasko a baza tufafi. A nan tebur ya tsaya a madadinsa. Ta lulluɓe shi da lafayoyin ta kowane gefe, ta tura kaskon ƙarƙashi, ta barbaɗa turaren a kan garwashin, ba ta yi rowa ba. Hayaƙi ya fara ratso zaren tufafin. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gado. Ƙamshin ɗakin Ya ne sak, har da ɗan ɗacin nan na ƙarshe. Rabonta da ta ja numfashi har ƙasan ciki tun a tasha.

Ba a yi minti goma ba farin murfin kwanon nan ya tsala ihu.

Kafin ta ɗaga kai ginin duka ya ɗauka. Jiniya a baranda, jiniya a bene, gudu, ƙofofi na bugawa, 'yan mata na kiran sunayen juna. Hanifa ba ta yi shawara da kowa ba, ko da kanta. Ta tsinci kanta a ƙarƙashin gado, kumatu a kan siminti, hannu a kan baki.

Daga nan tana hango kaskon a ƙarƙashin tebur yana ta aikinsa. Ta dubi hayaƙin, ta dubi inda yake taruwa a silin, ta gane. Babu wanda ya shigo makarantar. Babu gobara. Ita ce. Abin da ya rage kawai ta tashi ta janye kujera ta ce a yi haƙuri.

Sai aka buga ƙofar.

"Mis Najeriya. Kina ciki? Buɗe."

Ta san muryar. Ta san mutumin da ke ba ta mangwaro daga bishiyar gidansa ne. Ba ta fito ba.

Shekara biyu da suka wuce, da la'asar sakaliya, an buga ƙofar gidansu a Maisandari. Bugu ne na mutunci, sau uku, da sallama. Ita ce kusa, tana shara. Ta buɗe. Mutum biyu ne, na uku yana cikin mota. Suka ce Mika'il yana nan? Ta ce yana nan. Ta juya da bakinta ta ƙwala wa wanta kira. Ya fito yana goge hannu a wando, don tuwo yake ci. Suka ce minti biyar. Suka tafi da shi, bai dawo ba. Har yau ba a san ko su waye ba. A shekarun nan kowa na iya sa kaki, kowa na iya tuɓe shi. Ya Zainaba ba ta taɓa ce mata don me kika buɗe ba. Kafinta kawai ta kira ya ƙara sakata biyu.

"Hayaƙi daga nan yake fitowa," ta ji Alfred yana gaya wa wani. "Tana ciki. Na ga hawanta, ban ga saukarta ba."

Ya daki ƙofar da kafaɗa. Makulli ya ba da kai tun a na biyu, amma kujerar ta riƙe. A na huɗu katakon ya tsage, dattijon ya shigo da ƙarfinsa duka ya ci karo da kujerar ya kife. Ta ji ƙarar da kafaɗarsa ta yi, kamar an karya rake. Takalman 'yan kwana-kwana suka tsallake shi. Ɗaya ya yaye lafayoyin daga tebur, ya tsaya yana kallon kaskon, sannan ya sheƙa masa ruwa. Ɗayan ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin gado. Suka haɗa ido.

Da ƙafarta ta sauko. Ruwan la'asar ya riga ya tsuge. A filin gaban hostal 'yan mata sun fi ɗari biyu a tsaye cikinsa, wata da tawul, wata da rabin kitso, wata ta rungume littattafai a cikin riga don ranar Litinin akwai jarrabawa. Da an yi mata dariya da ya fi sauƙi. Ba wadda ta yi. Suka buɗa mata hanya kawai. Aka fito da Alfred, hannunsa na dama yana lilo kamar ba nasa ba, aka sa shi a mota. Ɗan kwana-kwana ya fito da kaskon ya ajiye a kan ciyawa inda kowa zai gani. Ruwan sanyi ya tsaga shi biyu.

Ranar Litinin takarda ta zo daga ofishin shugabar hostal. Rebeka ta karanta ta a tsaye, a ɗakin da yanzu labule ne ƙofarsa.

"Laifi biyu. Kunna wuta a ɗaki, wannan gargaɗi ne, kowa na iya cewa bai sani ba. Na biyun shi ne matsalar. Kin ƙi fita, kin tokare ƙofa, ma'aikaci ya ji rauni. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna. In ba su gamsu ba za su fitar da ke daga hostal, su kuma rubuta wa masu ɗaukar nauyinki. Su kuma waɗancan ba su da dogon haƙuri, na san wanda suka mayar gida a kan abin da bai kai wannan ba." Ta juya takardar. "Ga fili nan sun bari. Dalilin da ya hana ki buɗewa."

Hanifa ta dubi filin. Layi takwas ne.

"Wa aka ɗauka a gidanku?" in ji Rebeka.

"Wa ya ce an ɗauki wani?"

"Hanifa, ni ma daga can na fito. Ba a shiga ƙarƙashin gado don wasa."

Ta gaya mata, a gajarce. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don a gida kowa ya sani.

Rebeka ta tafa hannu a cinya. "To ai kin tsira. Ki rubuta wannan. Ki sa sunan gari, ki sa sunan wanki, ki sa shekarunsa. Wallahi kafin ki gama matar nan za ta nemi hankici. Ɗaki ma sai sun sauya miki da wanda ya fi wannan."

"Ke kin sani ke nan."

"Zo in nuna miki."

Ta ja ta har ginin ofisoshi. A bangon shiga akwai wani babban hoto da Hanifa ta sha wucewa ba ta duba ba. Rebeka ce, cikin fararen kayan nas, tana murmushi, teku a bayanta. A ƙasa an rubuta sunan cocinsu da adadin waɗanda suka mutu a cikinta.

"Na faɗi jarrabawa biyu a zangon farko, za su kore ni," in ji Rebeka. "Na ba su labarin. Ga ni nan. Duk sanda manyan baƙi suka zo sai a aiko a kira ni, in sha shayi da biskit, in ba da shi daga farko. Akwai inda in na zo a labarin suke ajiye kofi. Na san wurin, har ɗan tsayawa nake yi."

"Ba ya damun ki?"

"Ranar farko na yi amai. Yanzu biskit ɗin nake dubawa, ko mai cakulan ne." Ta gyara jakarta. "Shekara ɗaya ta rage min in zama nas. Mamata na Biu tana jira. Ke kuma ki zauna kina tsada."

Ranar Talata da sassafe wayar Hanifa ta yi ƙara. Kawu Ba'ana ne. Duk sati biyu yakan hau mota ya je Damaturu inda layi ke aiki, da takarda a aljihu cike da saƙonnin unguwa, ya tsaya gindin wata bishiya ya yi ta kira.

"Likita, wushe, sannu. Kina lafiya? Tsaya in nemo naki." Ta ji ƙarar takarda da hon ɗin motoci. "Yawwa. Ya Zainaba ta ce tana gaishe ki. Ta ce kina cin abinci? Ta ce matar liman ta haihu, namiji. Ta ce an ce ƙasar ruwa ce, to ki riƙa turara kayanki duk Juma'a, kada ki ba ta kunya a cikin mutane. Ta ce kaskon nan na kakarki ne, ki kula da shi. Me zan ce mata?"

"Ka ce komai lafiya."

"Shi ke nan? Na biya kuɗin mota har Damaturu don komai lafiya?"

"Ka ce ina turarawa."

"Madalla. Bari in kira na gaba, mutane na bayana."

Ranar Laraba ba ta shiga aji ba. Ta tambayi mai gasa masara gidan Alfred, ta ɗauki humra kwalba ɗaya ta hau bas. Ta gaida kowa. Gidan na can ƙarshen hanya a bakin ruwa, na katako, a kan duwatsu. A gefe an tara kejin kama kifi na waya, sun fi goma, a bushe. Matarsa tana fere rogo a bakin ƙofa. Ta dubi lafayar, ta gane ko wace ce, ba ta ce a zauna ba.

"Sati shida," in ji matar, ba ta daina fere ba. "Likita ya ce sati shida ba zai ja igiya ba. Kin ga kejin can? Yanzu ne lokacinsu."

"Ku yi haƙuri, Mama."

Ta miƙa kwalbar da hannu biyu. Matar ta goge hannu, ta buɗe, ta shinshina.

"Wannan ne kika ƙona?"

"A'a. Wannan a jiki ake shafawa."

Ta rufe ta ajiye a gefen kwanon rogo. Ba ta yi godiya ba, ba ta kuma mayar ba.

Alfred yana zaune a bayan gida, hannu a rataye a wuya. Ya rame a kwana huɗu. Ya nuna mata wani kifaffen bokiti, ta zauna. Suka yi ta kallon ruwa.

"Abu ɗaya nake so in sani," ya ce, a hankali yadda za ta gane. "Kin ji ni?"

"Na ji."

"Kin san ni ne?"

"Na sani."

Ya jira. Igiyar ruwa ta zo ta koma sau uku.

"A garinmu na taɓa buɗewa," in ji Hanifa.

Ya dube ta, ya mayar da ido kan teku. Ta zauna tana jiran tambaya ta gaba, wa, yaushe, me ya faru. Ba ta zo ba. Ya sa hannun hagu ya kore ƙuda daga kan bandejin.

"Kujerar nan," ya ce, "wa ya koya miki tokare ta haka? Na fasa ƙofofi a hostal ɗin nan sun kai biyar. Ba wadda ta taɓa rama min sai taki."

"Gobe kwamiti za su zauna a kaina," in ji Hanifa.

"Na sani. Sun tambaye ni, na faɗi abin da na gani. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ni mai gadi ne, Mis Najeriya, ba na cikin masu zama." Ya nuna bishiya da haɓa. "Tsinki mangwaro kafin ki tafi. Ni ba zan iya ba."

Ta tsinka masa guda shida ta jera a kan bokitin. Ba ta ɗauki ko ɗaya ba.

Da ta dawo, mai gyaran ƙofa ya riga ya tafi. An sa sabuwar ƙofa, ba fenti, tana warin ɗanyen katako, a buɗe. Rebeka tana zaune a kan gado da takarda a hannu.

"Na sauƙaƙa miki. Na rubuta, ke sai ki kwafe da hannunki. Layi takwas cif."

Hanifa ta karɓa ta karanta a tsaye a bakin ƙofa. Turancin mai kyau ne. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Ga la'asar ɗin, ga tsintsiya, ga mota. Ga Mika'il, ɗan shekara ashirin da biyu, yana goge hannu a wando. A layi na shida aka ce, ni ce na buɗe musu. Ta ga inda za a ajiye kofi.

A kan tebur ɓarin kaskon biyu suna nan inda ta ajiye su. Lafayoyin na rataye a jikin durowa. Duk da ruwan da aka sheƙa musu, turaren ya kama.

"In sun karanta, a ina suke ajiyewa?" in ji Hanifa.

"A fayil ɗinki."

"Wa ke buɗe fayil ɗin?"

"Duk wanda ke ofis. Hanifa, kada ki tsaya wasa. In suka fitar da ke, ɗaki a gari sai can bayan kasuwar kifi, bas biyu kullum. In wasiƙar ta je gida kuma masu kuɗin suka janye, sai jirgi. Me za ki ce wa Ya a tsakar gida? Kin ƙona turare an koro ki?"

"Haka zan ce. Ai haka aka yi."

"Girman kai ne wannan."

"Wataƙila."

Ta ninke takardar biyu ta miƙa wa Rebeka.

"Na gode. Ba raina naki nake yi ba."

"Raina shi mana. Ni dai ina da ɗaki."

Wasu 'yan mata biyu suka zo wucewa a baranda, suka rage tafiya suna leƙen ɗakin. Hanifa ta kama sabuwar ƙofar ta tura ta har ta ji harshen makullin ya faɗa. Ta juyo.

"Gobe zan rubuta musu cewa na kunna wuta, na ji bugu, na san Alfred ne, na ƙi buɗewa. Su yanke abin da za su yanke. Sau ɗaya na kira Mika'il ya fito wa baƙi. Ba zan sake ba."